Aron Gona da Alkawarin Hukuma

A tsakiyar watan Agusta na shekarar 2024 wani labari ya iso Abuja daga ƙasar Faransa wanda ya sa mutane da yawa suka riƙe baki. Wata kotu a birnin Paris ta ba da izini a tsare jiragen sama guda uku na fadar shugaban Nijeriya da ke can Turai a lokacin, ɗaya daga cikinsu ma ba a daɗe da sayensa ba, ko gida ba a kai ga kawo shi ba. Wanda ya nemi a tsare su wani kamfani ne na ƙasar Sin mai suna Zhongshan Fucheng, wanda yawancin 'yan ƙasa ba su taɓa jin sunansa ba sai ran nan. Bashi yake bi, in ji shi, kuma yana riƙe da takardar hukunci a hannu. Bayan 'yan kwanaki ya yarda aka saki jirgi ɗaya domin shugaban ƙasa ya sami abin tafiya, kamar mai bin bashi da ya ji tausayin maƙwabcinsa ya mayar masa da keken da ya riƙe jingina.

Asalin bashin yana da nisa da Abuja. A Igbesa, cikin Jihar Ogun, akwai wani yanki da aka keɓe domin masana'antu, inda aka sauƙaƙa haraji don a jawo baƙi masu jari. Tun 2010 mutanen kamfanin suka shiga yankin bisa yarjejeniya, a 2013 kuma gwamnatin jihar ta sa hannu a takardar da ta danƙa musu ragamar gudanar da wurin. A 2016 sai jihar ta juya musu baya, aka kore su, 'yan sanda suka kama ɗaya daga cikin manyan ma'aikatansu suka tsare shi kwana da kwanaki. Kamfanin ya ɗauko yarjejeniyar kare jari da Nijeriya da Sin suka ƙulla a 2001, ya kai ƙara gaban kotun sulhu a Landan. A watan Maris na 2021 alƙalan sulhun suka ce an ƙwace masa dukiya, ba a kuma yi masa adalcin da yarjejeniyar ta yi alkawari ba, don haka a biya shi dala miliyan 55.6, ban da ruwa da kuɗin shari'a. Gwamnatin Ogun ta dage cewa kamfanin ne ya ruɗe ta, bai kuma gina abin a zo a gani ba. Amma a idon dokar ƙasa da ƙasa, abin da jiha ta yi ƙasa ce ta yi shi, saboda haka Abuja aka kawo wa takardar bashin.

A ƙarƙashin irin waɗannan shari'o'i akwai wata ƙa'ida da lauyoyi suke muhawara a kanta fiye da shekara ashirin ke nan. Ana iya kiranta sa rai mai tushe. Watau, idan hukuma, ta bakinta ko ta halinta, ta sa mutum ya dogara cewa abu kaza zai tabbata, shi kuwa ya zuba dukiyarsa bisa ga wannan dogara, to ba daidai ba ne hukumar ta juya rana ɗaya ta bar shi da asara, ko da kuwa tana da ikon juyawar. Maganar ta wuce ta lauyoyi kaɗai, gama tambayar da ke cikinta tsohuwa ce: me ke ɗaure mai iko da maganar bakinsa, sa'ad da babu wanda ya isa ya tilasta masa?

Manomin ƙasar Hausa bai jira lauya ya amsa masa wannan tambaya ba. Mutum yakan ba wani aron gona, ya ce masa ya noma. Mai aro ya yi shara, ya kai taki, ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai. Gonar ta mai ita ce, babu mai musu. Amma idan mai gona ya zo a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, ya ce yana son abinsa yau, dagaci da dattawa za su ce masa ya haƙura sai an girbe. Babu takarda tsakaninsu, babu sa hannu. Abin da ya ɗaure mai gona shi ne maganar da ya furta, haɗe da gumin da wani ya zuba saboda ya gaskata ta. Da mai aron bai sa fartanya a gonar ba tukuna, da karɓewa ba ta zama laifi ba. Haka kuma idan mai aron ya yi gaban kansa ya dasa mangwaro ko ya gina ɗaki, alhali damina ɗaya aka ba shi, ranar da aka ce ya tashi ba wanda zai saurari kukansa, domin ya sa rai ga abin da ba a faɗa masa ba. Nauyin alkawari, a wannan awo na ƙauye, gwargwadon abin da aka faɗa ne da gwargwadon abin da mai ji ya gina a kai. Kusan duk abin da manyan kotunan duniya suka gano daga baya yana cikin wannan 'yar gonar.

A Turai ma ƙa'idar ba a kan attajirai ta fara ba, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ɗaya daga cikin shari'o'in da suka kafa ta a Jamus ta wata gwauruwa ce. Tana zaune a Jamus ta Gabas, sai hukuma a Berlin ta Yamma ta rubuta mata cewa idan ta ƙaura zuwa can za a riƙa biyanta fansho na mijinta. Ta kwashe kayanta ta ƙaura, aka fara biyanta. Daga baya aka gano cewa bisa ga doka ba ta cancanta ba, ma'aikata ne suka yi kuskure, sai aka tsayar da kuɗin, har aka nemi ta mayar da abin da ta karɓa. A 1956 kotu ta ba ta gaskiya, ta ce matar ta canja dukan zamanta saboda ta amince da maganar hukuma, bai kuwa kamata ita ce za ta ɗauki hukuncin kuskuren da ba nata ba. A Ingila, a ƙarshen shekarun 1960, alƙali Lord Denning ya shigo da kalmar cikin wata shari'a ta ɗalibai baƙi da aka ƙi sabunta wa izinin zama. Su ɗaliban ba su ci shari'ar ba, amma ya ce wanda za a soke wa izini tun wa'adinsa bai cika ba, wajibi ne a saurare shi tukuna.

Nijeriya ma tana da tata. A 1982 wata mata, Uwargida Stitch, ta shigo da tsohuwar Marsandi daga Jamus. Ma'aikatar ciniki ta dakatar da ba da takardun izinin shigo da kaya har sai da aka fito da sabuwar doka wadda ta ɗaga kuɗin fiton irin wannan mota daga wajen kashi 33 zuwa kashi 500 cikin ɗari, sa'an nan aka ba ta takardar, aka ce ta biya sabon kuɗi. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce tsohon kuɗin ne ya hau kanta, hukuma ba za ta riƙe mutum a bakin ƙofa da gangan ba har farashin shiga ya ninka.

Yadda wannan ƙa'ida ta tsallaka daga gwauruwa da mai tsohuwar mota zuwa manyan kamfanoni yana da dalilinsa, kuma dalilin ba na banza ba ne. Kafin baƙo ya kawo kuɗinsa, shi ake lallashi, ana yi masa shimfiɗa, ana ɗauke masa haraji. Da zarar ya zuba siminti ya kafa injuna, sai ƙarfi ya koma hannun mai ƙasa, gama ba a ɗaukar masana'anta a ka a gudu da ita. Baƙon ba ya jefa ƙuri'a, ba shi da ɗan majalisa, sau da yawa kuma bai amince da kotun ƙasar da yake ƙara da ita ba. Ya kuma san tarihi. A nan Nijeriya dokokin soja na 1972 da 1977 sun tilasta wa baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari a kamfanonin da suka kafa. Saboda haka ƙasashen da ke neman jari suka riƙa ba da tabbaci a rubuce. Nijeriya tana cikin na farko da suka amince, tun 1965, da yarjejeniyar da ta kafa cibiyar sasanta rikicin jari ta Bankin Duniya a Washinton. A 1995 ta yi dokar da ta kafa hukumar jawo masu zuba jari, wadda hedkwatarta ke Abuja, dokar ta ce ba za a ƙwace jarin kowa ba sai domin amfanin jama'a kuma da biyan diyya. Ta kuma ƙulla yarjejeniyoyi da ƙasashe dabam dabam, masu alkawarin yi wa jarin baƙo adalci da daidaito. Daga cikin waɗannan kalmomi biyu, adalci da daidaito, alƙalan sulhu suka zaro maganar sa rai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Da farko sun zaro ta da yawa. Wani kamfanin ƙasar Sifen mai suna Tecmed ya sayi wurin binne sharar masana'antu mai guba kusa da birnin Hermosillo a Meziko. Mutanen gari suka tashi da zanga-zanga, a 1998 hukuma ta ƙi sabunta masa lasisi. A 2003 kotun sulhu ta ce a biya shi fiye da dala miliyan 5, ta kuma ƙara da cewa wajibi ne ƙasa ta yi tafiya da baƙo ba tare da sauyi ko ruɗani ba, har ya san tun da wuri dukan dokokin da za su shafi jarinsa. Masana da yawa suka ce babu gwamnatin da ta taɓa kai wannan matsayi a duniya, ko a wurin 'ya'yanta. Suna da gaskiya. Wanda ya karɓi wannan magana yadda take, ya yarda ke nan cewa ranar da baƙo ya sauka, a ranar dokokin ƙasa suka daskare.

Nan ne maganar take da wuya, ba kuwa daidai ba ne a yi kamar mai sauƙi ce. Gwamnati ba mutum ɗaya ba ce mai gona ɗaya. Tana riƙe da amanar miliyoyi, waɗansunsu ba a ma haife su ba sa'ad da aka yi alkawarin. Ilimi yana ƙaruwa, abin da aka ɗauka ba shi da lahani jiya yakan bayyana guba ne yau. Jama'a kan yi zaɓe musamman domin a canja hanya. Idan kowane canji sai an biya baƙo diyya, to ƙuri'ar talaka ta zama wasa, ƙasa matalauciya kuwa za ta riƙa jin tsoron gyara dokar lafiya ko ta muhalli don gudun ƙara. Wannan tsoro ba zato ba ne. Kamfanin taba na Philip Morris ya kai ƙasar Urugwai ƙara a 2010 domin ta ce hoton gargaɗi ya rufe kashi 80 cikin ɗari na kwalin sigari. A 2016 kamfanin ya faɗi, aka ce ya biya ƙasar dala miliyan 7 na kuɗin shari'a, amma sai da ƙaramar ƙasa ta yi shekara shida tana kare ikonta na tsare huhun 'ya'yanta. Tun 2006, a shari'ar Saluka da ƙasar Cek, alƙalai suka fara ja da baya, suka ce babu mai jari mai hankali da zai zaci yanayin da ya tarar ba zai taɓa sauyawa ba, dole kuma a auna sa ransa da haƙƙin ƙasa na tsara al'amuranta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk da haka awon bai daidaita ba. Sifen ta yi wa masu samar da lantarki daga hasken rana alkawarin farashi mai tsoka a 2007, da kuɗi suka yi mata ƙaranci sai ta yanke shi. Aka kai ta ƙara sau gomomi a kan abu ɗaya, waɗansu alƙalai suka ba ta gaskiya, da yawa suka ce ta biya. Kotun Duniya da ke Hague kuwa, a hukuncinta na 1 ga Oktoba 2018 tsakanin Bolibiya da Chile kan neman hanyar zuwa teku, ta ce tsakanin ƙasa da ƙasa babu wata ƙa'ida ta gama-gari da ke mai da sa rai ya zama wajibi. Ana samunta ne inda yarjejeniyar jari ta buɗe mata ƙofa.

Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe da rairaya ya yi kusa da hukuncin dagaci. Dokar da aka yi domin kowa ba alkawari ba ce ga wani mutum cewa ba za ta canja ba. Amma idan hukuma ta dubi mutum ta ce masa, kai, zo ka yi kaza, za a bar ka shekara kaza, ya kuwa zo ya yi, to ta ɗauki kaya. Tana iya sauke kayan idan amfanin jama'a ya bukaci haka, sai dai ba a kan wuyan wanda ya gaskata ta shi kaɗai ba. A sanar da shi da wuri, a ji ta bakinsa, a ba shi lokacin girbi, in ba zai yiwu ba a biya shi abin da ya zuba. Sauran duk tsammanin warabbuka ne.

Akwai kuma sharaɗin da Abuja ta koya da tsada, wato tsabtar hannu. A watan Janairu na 2010 Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 20 da wani ƙaramin kamfani mai suna P&ID, wanda waɗansu 'yan ƙasar Ailan biyu suka kafa. Gwamnati za ta riƙa kai masa iskar gas a Kalaba, shi kuwa ya gina masana'antar tace ta. Gwamnati ba ta kai gas ba, kamfanin ma bai aza tubali ko ɗaya ba. Duk da haka a watan Janairu na 2017 kotun sulhu a Landan ta ce a biya shi dala biliyan 6.6, ribar da ya ce da zai samu cikin shekarun nan 20. Da ruwa ya yi ta hawa, kuɗin ya kai wajen dala biliyan 11, kusan kashi ɗaya cikin uku na ajiyar ƙasar a waje a lokacin. Sai ranar 23 ga Oktoba 2023 Mai Shari'a Robin Knowles na Babbar Kotun Landan ya yanke cewa da zamba aka sami hukuncin. An ba wata babbar jami'ar shari'a ta ma'aikatar cin hanci, an ci gaba da biyanta domin ta yi shiru, an ba da shaidar ƙarya, takardun sirri na lauyoyin Nijeriya kuma suna ta faɗawa hannun abokin ƙara. Wannan shari'a ta kwangila ce, ba ta yarjejeniyar kare jari ba, amma darasinta ya shafi duka biyu. Tun 2006 wata kotun sulhu ta kori ƙarar kamfanin World Duty Free a kan Kenya, bayan mai kamfanin da bakinsa ya faɗi cewa ya kai wa Shugaba Daniel arap Moi dala miliyan 2 kafin ya sami kwangilar shagunan filin jirgin sama. Wanda ya sayi alkawari da toshiyar baki bai dogara ga amincin hukuma ba, ga rashin amincin ma'aikacinta ya dogara, ba shi kuwa da bakin kuka idan abin da ya saya ya ruɓe.

Mai karatun da ya san Littafi Mai Tsarki zai iya tsayar da maganar a nan ya tuna da Gibeyonawa. Su ma da ruɗi suka sami alkawari daga Joshuwa da shugabannin Isra'ila, da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa, suna cewa daga nesa suka fito. Da gaskiya ta bayyana ba a warware rantsuwar ba, sa'ad da Saul ya karya ta bayan tsararraki kuma, yunwa ta shekara uku ta biyo baya a zamanin Dawuda. Ashe ruɗi ba kullum yake kwance wanda ya yi alkawari ba. Bambancin dai a bayyane yake: Gibeyonawa ransu suka nema, suka kuma biya da bauta, ba su sayi wani daga cikin shugabannin ba. Amma labarin ya ɗora laifi a inda mutane ba su cika son dubawa ba, wato a kan shugabannin da suka rantse ba tare da bincike ba. Shi ma alƙalin Landan bai wanke ɓangaren Nijeriya ba, ya nuna yadda sakaci da son kai na waɗansu masu riƙe da amana suka kusa jefa ƙasa duka cikin rami. Biro da ke sa hannu a ofisoshin Abuja yana iya ɗaure jikokin da ba su san an yi ba.

Ƙasashen Afirka sun fara gyara takardunsu. Ranar 3 ga Disamba 2016, lokacin ziyarar Sarki Muhammadu na Shida na Moroko, aka sa hannu a Abuja kan wata yarjejeniyar jari tsakanin ƙasashen biyu wadda ta yi suna a wurin masana, domin ta ɗora wa mai jari nasa nauyin: ya auna illar aikinsa ga muhalli da jama'a, kada ya ba da cin hanci, ta kuma faɗi a fili cewa ƙasa tana da ikon tsara dokokinta. A watan Fabrairu na 2023 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da ƙa'idojin jari na kasuwar bai ɗaya ta nahiyar, inda aka kauce wa tsofaffin kalmomin nan masu faɗi, aka sa alkawari mai iyaka a madadinsu. Gyara ne mai kyau. Sai dai ƙuntata ƙofar baƙo ba ya buɗe wa ɗan gida tasa, a nan kuwa babban rashin daidaiton yake.

Kowane iyali a ƙasar nan ya ɗanɗana abin da ake nufi da juyawar hukuma ba tare da isasshen lokaci ba. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ba da 'yan watanni a mayar da tsofaffi, sababbin kuwa ba su wadata ba. A farkon 2023 mutane suka kwana a layin banki, masu kuɗi a asusu suka rasa na cefane, 'yan tireda da masu kayan gwari suka yi asarar da ba wanda ya lissafa. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli a Abuja ta ce ba a ba jama'a sanarwa mai ma'ana ba, ta ba da umarni tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Hukunci ne mai daraja, amma jihohi ne suka shigar da ƙarar, Kaduna da Kogi da Zamfara a kan gaba, kuma ba a biya mai tumatirin da kayanta suka ruɓe ko kwabo ba.

Maganar rushe-rushe ta fi wannan sarƙaƙiya. Tsakanin 2003 da 2007, sa'ad da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin tarayya, an rushe unguwanni da dama domin a komar da Abuja kan tsarinta na asali. Gidaje da shaguna da makarantu da majami'u da masallatai suka tafi, ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni kuma suka ƙiyasta waɗanda abin ya shafa da dubban ɗaruruwa. Ta fuskar doka hujjar hukuma tana da ƙarfi. Tsarin mulki ya ce dukan ƙasar da ke cikin yankin birnin tarayya ta Gwamnatin Tarayya ce, don haka takardar da mutum ya karɓa daga hannun mai unguwa ba ta ba shi mallaka ba, wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa kuwa ya jefa maƙwabtansa cikin haɗari. Da yawa sun dasa mangwaro ne a gonar da ba a ma ara musu ba. Amma hukumar da ta zuba ido shekara goma ko fiye ana gini, aka ja wa unguwa wutar lantarki, aka kafa mata rumfar zaɓe, ba za ta ce ba ta faɗi kome ba. Shirun mai iko ma magana ce, ko da ba ta kai alkawari ba. Ba ta ba mutum filin ba, amma ta ba shi haƙƙin a sanar da shi, a ba shi lokaci, a nuna masa inda zai sa kansa. Da kamfanin waje ne aka bari ya yi shekara goma yana aiki a gaban idon jami'ai, da lauyoyinsa sun mai da wannan shirun hujja a Landan ko Washinton.

Akwai kuwa waɗanda nasu ba shiru ba ne, alkawari ne da baki, daga kujera mafi girma a ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya sanar da kafa sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, a kan fili mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8,000. Filin ba kango ba ne. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana da waɗansu suna zaune a cikinsa da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Abin da gwamnati ta ce a lokacin shi ne za a kwashe su duka a sake musu matsuguni a wajen yankin, a inda suka zaɓa, da kuɗin gwamnati. Da aka ƙidaya su aka ga sun fi yadda aka zata, kuɗin kuma ya yi yawa, sai a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ce waɗanda aikin gini ya taɓa kai tsaye su ne za a fara tayarwa, sauran su zauna tukuna. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna, na Maitama aka kai su Kubwa. A 1992, shekara guda bayan gwamnati ta tare a Abuja, aka ce a'a, za a bar ƙauyuka a cikin birni a gyara su, aka fara da Garki. A 1999 aka sake komawa ga kwashewa, aka gina gidaje a Jibi domin mutanen ƙauyukan da birni ya cim musu, amma kafin masu su su shiga, jami'an tsaro suka tare a ciki. Bayan 2003 aka sake zana waɗansu wuraren, irin su Apo da Wasa da Galuwyi-Shere.

Duk sharuɗɗan da alƙalan sulhu suke nema a wurin baƙo suna nan. An yi maganar a fili, mai cikakken iko ne ya yi ta, ga mutane sanannu aka yi ta, babu wanda ya ba da toshiya domin a yi ta. Dogarar da suka yi kuwa ta fi ta mai masana'anta, gama shi kuɗi ya kawo daga wata ƙasa inda gidansa yake nan daram, su kuwa ƙasar da suke tsaye a kanta ce aka karɓa, iyali da yawa suka yi shekaru ba su san ko su yi gini mai ƙarfi ko su jira motar kwashewa ba. Ba su da yarjejeniyar 2001 da za su ɗauko, babu kotun Paris da za ta saurare su, diyyar da dokar filaye ta 1978 ta sani kuwa ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Kamfanin Sin ya jira shekara takwas daga korarsa a Igbesa zuwa ranar da ya sa aka tsare jiragen fadar shugaban ƙasa. A wannan ranar, alkawarin da aka yi wa mutanen Garki da Jabi da Maitama yana da shekara 48 da wata shida.